Garin da Na Zaɓa da Damina

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin gwamnati. Na fara daga teburin da ke bakin ƙofa, wanda duk mai wucewa sai ya bangaje shi, na ƙare a ofishin da sai mutum ya yi sallama wurin mutum biyu kafin ya gan ni. Ranar da na ajiye aiki an sha jawabai. Wani abokin aiki ya tashi ya ce a duk tsawon zamana ba a taɓa kama ni da kuskure a fayil ba. Gaskiya ya faɗa. Bai dai san yadda aka yi hakan ta kasance ba, ni kuma ban tsaya yi masa bayani ba, na karɓi tafin na zauna.

Mahaifina ya rasu tun ban yi wayo ba. Ƙanensa ne ya ɗauke ni, shi nake kira Baffa, matarsa kuma Inna, don ban san wata uwa ba sai ita. Baffa haƙar rijiya ce sana'arsa. Daga ƙasar Bebeji har Doguwa da wuya ka shiga gari uku a jere ba ka sha ruwan rijiyarsa ba. Gajere ne, mai kaurin damtse, maganarsa kaɗan ce kuma rabinta zolaya. Da aka kai ni makarantar boko ya ce shi ke nan, gidanmu ya samu wanda zai haƙa rijiya da biro.

Yana da wata ƙa'ida da ba ya karyawa ko hakimi ne ya kira shi: ba ya duba ƙasa sai da bazara. Sai rana ta gasa komai, rafuka sun ƙafe, sannan zai ɗauki daginsa ya fita. Ya duba wace bishiya ce har yanzu ke riƙe da ganye, ina baure ya tsaya, ina kanya, wane suri ne cikinsa ke da danshi. Ya tona kamu ɗaya, ya damƙi ƙasar, ya shinshina. Wani lokaci kwana uku yana zagaye kafin ya ce a sa diga a nan. Ina yaro na sha ganin wannan, kuma na san dalilinsa sarai. Ina faɗa ne don kada wani ya yi mini uzurin rashin sani.

A farkon shekarun saba'in aka soma aikin dam na Tiga, garinmu kuwa yana cikin waɗanda ruwa zai ci. Lokacin ina ƙaramin jami'i, sabon kwat, sabon agogo, ina jin ƙasar nan ba ta taɓa haifar irina ba. Aka sa ni cikin masu aikin tayar da mutane, tunda ni ɗan ƙasa ne, wai za a fi jin maganata. Aikina shi ne in nemo wa kowane gari sabon mazauni. Maigidana na Kano, wani dattijo mai saurin fushi da jan biro, ya ce yana son sunayen wuraren a kan teburinsa kafin wata ya mutu. Ana tsakiyar marka ya faɗi haka.

Muka fita da safiyo, wato mai awon ƙasa, da taswira a Landiroba. Ga garinmu na samo wani tudu shimfiɗaɗɗe ta wajen hanyar Yako, kusa da titi, ba kwazazzabo ba sarƙaƙiya, irin wurin da za ka ja layukan gidaje da rula ba ka ɗaga hannu ba. Ciyawa har gwiwa, ruwa kwance a kowane ɗan rami. Na tsaya a kan tudun raina fes, har ina hango kaina ina nuna wa manya.

Washegari na kawo dagaci da dattawa su gani. Dagaci ya ce madalla, don bai saba ce wa gwamnati komai ba sai madalla. Baffa kuwa ya bar mu tsaye. Ya yi ta tafiya shi kaɗai har ya kai ƙarshen tudun, ya dawo, ƙafafunsa duk taɓo. Ya ja ni gefe inda ba mai ji.

"Ɗana, wa ya zaɓi wurin nan?"

"Ni ne, Baffa."

"To, ka duba. Ina bishiyar kirki ɗaya? Duk geza ce da sabara. Ruwan nan da ka gani kwance, ƙasa ce ta ƙi shan sa, dutse ne a ƙarƙashi. Da damina kowace ƙasa ado take yi. Ka bari sai bazara, ni da kai mu zo mu zagaya."

"Baffa, gwamnati ba za ta jira bazara ba."

"Ita gwamnatin a nan za ta zauna?"

Dariya ya yi da ya faɗa, amma ni na ji zafin ta, don safiyo ya matso kusa kuma na tabbata ya ji. Sai na ce da shi, da muryar da ban taɓa yi masa magana da ita ba, ai ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Mutumin da ya shekara arba'in a cikin rami na gaya wa haka. Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya tafi ya tsinko ciyawa yana goge ƙafarsa.

Da na koma na buɗe fayil ɗin garinmu na rubuta rahoto da Turancin da nake taƙama da shi. Na ce na ziyarci wurin da kaina, ƙasa mai kyau, ruwa wadatacce, jama'a sun amince. Na sa hannu. Shafi na goma sha huɗu ne, har yau ina iya ganin inda tawadar ta ɗan zarce. Ni na fara miƙa nawa cikin dukkan jami'an, maigidana ya rubuta yabo a gefe da jan bironsa.

Bayan kaka motoci suka kwashe mutane. Ba zan tsaya ba da labarin ranar ba, wasu sun fi ni iya faɗin ta. An bar kaburbura, an bar kukar bakin kasuwa, an bar rijiyar masallaci wadda Baffa ya haƙa tun yana saurayi, ba ta taɓa ƙafewa ba. Aka sauke kowa a kan layinsa, aka yanka masa gona a bayan gari.

Baffa bai jira an roƙe shi ba, ya sa diga. A zurfin gaba huɗu ya tarar da marmara, ya fasa ta. A gaba bakwai ya tarar da baƙin dutse wanda diga ke tsalle a kansa tana fitar da wuta. Ya bar ta ya koma wani wuri, nan ma haka. Cikin shekara biyu ya haƙa rijiya biyar a garin. Dukkansu hali ɗaya: da damina su cika har yaro ya ɗiba da ƙwarya, da sanyi ya wuce su ja baya sosai, da bazara ta kama ka jefa guga ka ji ƙararsa a kan dutse. Mata su tashi da asuba su nufi wani rafi mai nisa su tona yashi, ba su dawowa sai rana ta take. Awaki suka soma mutuwa. An turo motar ruwa sau biyu ko uku, daga nan aka ce ta lalace, ba a sake ganin ta ba. Duk wannan kuwa idan ka hau kan tudun da yamma kana hango hasken ruwan dam can nesa, inda garinmu yake a da.

Ni a lokacin an ɗauke ni an mai da ni hedikwata a Kano, da ƙarin girma, saboda saurin aikina. Ina zuwa gida da salla, in kai buhun shinkafa da turamen atamfa, in ƙi kwana. Inna takan kawo mini ruwa a kwanon sha, jajawur, ta tace shi da gefen mayafi, ta ce in yi haƙuri da shi. In kurɓa don kunya in ajiye. Ba wanda ya taɓa ce mini kai ka jawo mana. Da sun faɗa da na samu abin yin fushi, da ya fi mini sauƙi.

Sai shekarar nan ta zo da aka yi ta sallamar ma'aikata ta rediyo. Wanda bai yi aiki a lokacin ba ba zai gane ba. Mutum ya fito da safe da direba da masinja, da rana a karanto sunansa, da yamma yana neman motar da za ta kwashe masa kaya daga gidan gwamnati. Wasu sun ci sun sha, hakkinsu ne ya kama su. Wasu kuwa takarda ɗaya ce aka zaro daga tsohon fayil aka ce ga sakaci. Kowa ya shiga shafa wa gemunsa ruwa. Ofis ya yi tsit, ba mai sa hannu a kan komai idan zai iya tura shi teburin gaba. Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, kuma tsoro nake ji, tsoro na gaske.

Cikin wannan hali, damina ta kusa ƙarewa, masinja ya shigo wata safiya ya ce ga wani tsoho a waje tun ɗazu, wai shi ubana ne, amma bai yi kama ba. Na fita na tarar da Baffa a kan benci, da rigarsa ta zuwa Juma'a, takalmansa a hannu don ya ga an goge daɓen. Ya rame, wuyansa duk jijiya. Bai taɓa zuwa ofishina ba sai ranar. Na shigar da shi, ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa, dole ni ma na sauko na tsuguna da kwat ɗina. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Na samo wuri. Bazara biyu ina zagaya shi. Gangaren fadama ne, tafiyar sa'a ɗaya daga inda muke, ga baure ga kanya. Gaba biyar za a samu ruwa, in ban samu ba a yanke mini hannu. Amma an kafa turakun gwamnati a wurin, dagaci ya ce ko bukka ba za mu kafa ba sai da takarda. Ya ce takardar a hannunka take."

A hannuna take. Fayil ɗin garuruwan da aka tayar ta teburina yake bi. Amma na san yadda aikin yake: gwamnati ba ta tayar da gari sau biyu sai an rubuta dalili, dalilin kuwa ɗaya ne, wato wurin farko ba shi da ruwa. Duk wanda ya karanta haka zai juya baya ya ga wanda ya ce akwai. Zai tarar da shafi na goma sha huɗu da sa hannuna.

Na soma yi masa irin maganarmu, cewa za a duba, akwai matakai, sai an tura jami'i ya gano halin da ake ciki. Ya ɗaga hannu.

"Kada ka tura kowa yanzu. Yanzu rijiyoyin cike suke, kai ma ka sani. In turawar dole ce, a bari sai bazara. In kuwa so kake mu tashi bayan kakar nan, kai ka rubuta abin da ka sani. Ba sai an faɗa maka ba, ka sha ruwan."

Sai ya ƙara da cewa:

"Ɗana, kuskure ne ka yi, yaro ne kai a lokacin. Ni ma na taɓa haƙa rijiya a Burumburum, gaba tara, ba ko danshi. Na je na gaya wa mai gidan na ɓata, na sake masa wata. Ba a kashe ni ba."

"Baffa, nan ba haka ake yi ba."

"To yaya ake yi?"

Na ce ya bar mini, in sha Allahu zan yi abin da ya dace. Na so in sa direba ya mai da shi, ya ce a'a, motar kasuwa ta kawo shi ita za ta mai da shi. A bakin ƙofa ya juyo ya ce Inna tana gaishe ni, ta ce in rage zama da yunwa.

Kwana biyu fayil ɗin yana gabana. Na uku na ɗauki biro na rubuta cewa an samu koke daga jama'a, saboda muhimmancinsa a tura jami'i cikin gaggawa, a makon nan, ya duba rijiyoyin ya kawo rahoto. Duk wanda ya karanta zai ce ga ma'aikaci mai tausayin talaka. Na zaɓi wani ɗan birni, mutumin kirki wanda ba ya ƙarya kuma bai san ƙauye ba. Ya je ya dawo ya rubuta abin da idonsa ya gani: rijiya biyar, dukkansu cike. Na rubuta a ƙarƙashi cewa babu buƙatar ɗaukar mataki, a ajiye fayil. Rahotona na farko kuskure ne, na yarda da Baffa. Wannan na biyun da idona biyu na yi shi, kuma da ilmin da shi ya koya mini na yi shi.

Ba a karanto sunana ba. Na maigidana aka karanto, mai jan biro, kan wata magana da ba ta shafe ni ba. Kafin shekara ta ƙare aka ce in riƙe kujerarsa. Na aika gida da labari, Baffa ya aiko a ce mini Allah ya sa alheri. Maganar takarda bai sake tayar da ita ba, ni ma ban je salla ba a shekarar, na ce aiki ya yi yawa.

Da bazara ta kama, ya koma cikin rijiyar masallaci ta sabon garin, wadda ta fi zurfi, wai zai gwada fasa dutsen ta gefe ko a dace da jijiyar ruwa. Ya haura sittin a lokacin. Samari sun hana shi, ya ce su ba su san inda za su buga ba. Da hantsi gefen rijiyar ya rufto.

Sai washegari da safe labarin ya iske ni, wani ɗan garinmu ya biyo motar kasuwa ya zo. Da muka isa rana ta take, kuma ba a daɗe da fito da shi ba, don tun jiya maza ke tona da hannu da kwando. An kwantar da shi a zauren gidansa an rufa masa zane. Na ɗaga na duba. Jar ƙasa ta shiga ko'ina, gemu, kunne, ƙasan farce, ba ka gane fuskar sai ka ƙura ido.

Na fito na tarar da liman da dattawa suna magana ƙasa-ƙasa. Na tambayi abin da ake jira. Liman ya ce ruwa. Abin da ke cikin randunan gari duk masu tono sun shanye, mata kuma ba su je rafi ba tun jiya saboda tashin hankali. An tura wasu yanzu, amma kafin su dawo la'asar ta wuce, gawa kuwa ta kwana a ƙasa cikin wannan zafi, ba za ta jira ba. Ya ce shari'a ta yarda, idan babu ruwa a yi wa mamaci taimama. Yana faɗa yana kallon ƙasa, don shi ma rijiyar gidansu ta tsohon gari Baffa ne ya haƙa.

Direbana ne ya matso ya ce mini a kunne akwai jarka biyu a bayan mota, na zuba wa lagireto don sanyaya inji, ruwan famfon Kano ne, mai tsabta. Na ce a sauko da su. Da su aka yi masa wanka, ana tsiyayawa kaɗan-kaɗan don ya isa. Aka sallace shi, muka kai shi. Masu haƙar kabari sun sha wuya da marmara, sai da aka ɗauko digarsa.

Bayan an dawo na shiga cikin gida wurin Inna. Tun a maƙabarta na ƙudura zan faɗa mata komai, zuwan Baffa ofis, da jami'in da na tura, da dalilin da ya sa na tura shi a lokacin da na tura shi. Na shirya ta zage ni, ta tsine mini ma in ta ga dama. Ita ta goya ni, ita ta yi jinyata da na yi ƙyanda, tana da wannan haƙƙin.

Tana zaune a ƙofar ɗaki cikin mata. Da ta gan ni sai ta jawo mayafi ta rufe kai, ta sauko daga kan tabarma, ta durƙusa a kan ƙasa. Na ce, "Inna, ni ne fa." Ba ta ɗago ba.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "an gode da ruwa. Allah ya saka, Allah ya ƙara girma."

Tunda nake ba ta taɓa ce mini ranka ya daɗe ba. Ba gatse a muryarta, ba fushi, yadda za ta yi wa kowane baƙon jami'i da ya zo ta'aziyya haka ta yi mini. A nan na gane Baffa ya gaya mata, ko ita ta gane da kanta, kuma ta riga ta gama da maganar. Na tsaya a kanta da kwat ɗina, bakina cike da abin da na zo faɗa, mata suna jiran in amsa addu'a. Sai na ji kaina na ce amin, kamar yadda na saba cewa a ofis sau ashirin a rana. Na juya na fita, direba ya riga ya mai da jarkunan bayan mota.